Muryar Baba Ba Ta Hau Duka Ba

Daren Talata, Kankiya

Na kasa zama wuri ɗaya. Gobe mai gyara zai goge wayata, kuma a cikinta muryar marigayi Baba take, inda ya lissafa iyakokin gonarmu ta Sukuntuni. Da la'asar na ɗora ta a intanet, waya ta nuna an gama. Yaya Sale ya ce, "Shi ke nan, ƙanwata, ki huta."

Hankalina bai kwanta ba, sai na gwada su biyun. Sunansu ɗaya, amma ta waya minti tara ce, ta intanet shida. Wurin da Baba ya ambaci tsamiyar gabas babu shi a ta intanet.

Na sake ɗorawa, sabis na ta yankewa. Sai dai gyaran ya jira. Baba ba zai dawo ya maimaita mani ba.