Da Bakina Na Ce a Fitar da Shi Waje

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, ka yi wa Allah ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma da gaggawa, domin ƙafar ɗana ce ke neman salwanta, ni kuwa ina Doha, shi yana Kanada.

Ni mace ce, shekarata talatin da shida, ina karatun digiri na uku a nan Doha, ina zaune a unguwar Mu'aither. Mijina ma karatu ya kai shi Kanada bara, ya tafi da yaranmu biyu, Nana mai shekara sha ɗaya da Khalifa mai takwas, da niyyar in bi su idan na kammala. Har yau bizata ba ta fito ba, ban taɓa taka ƙasar ba. Dusar ƙanƙara a waya kawai na san ta, yara na birgima a ciki suna dariya. Abban Nana mutum ne mai zafin zuciya tun muna gida, hannunsa ya fi bakinsa sauri, amma da ina nan ni ke shiga tsakani.

Satin nan dusar ƙanƙara ta sauko musu ba ƙaƙƙautawa, aka rufe makarantu, ko mota ba ta fita. Kwana uku suna kulle a gida mai ɗaki biyu, shi yana fama da rubutun da zai miƙa wa malaminsa, yara sun mayar da falo filin ƙwallo. Kullum sai ya kira ni da ƙorafi, wai na tara masa aljanu na zo na miƙe ƙafa a ƙasar Larabawa. Ranar Laraba da yamma, na fito daga makaranta ina sauya jirgin ƙasa a tashar Mushairib, a can kuma safiya ce, ya turo min saƙon murya yana huci, wai Khalifa ya buga ƙwallo ta kifar da shayi a kan kwamfutarsa. Ni ma a gajiye nake, raina a ɓace. Na danna waya na mayar masa da saƙon murya na ce kada ya dake shi, ya kora shi waje ya yi kamun kunne har sai ya yi laushi, yadda Babanmu ke mana a tsakar gida. Wallahi ina faɗa ina sanye da 'yar suwaita, iskar Janairu na kaɗa ni a hankali. Abin da na sani da sunan sanyi ke nan.

Bai ji rabin farko na maganata ba, rabin ƙarshe ya ɗauka. Nana ce ta ba ni labari ta waya daga baya, a ɓoye cikin banɗaki. Ya zare bel ya zane yaron tun daga falo har kicin, kan bel ɗin ya fasa masa gira, jini har bango. Da ta riƙe hannunsa tana ba shi haƙuri, ya kwaɗa mata marin da har yanzu kunnenta ke ƙara. Sannan ya finciki Khalifa, daga shi sai rigar barci da safa, ya wurga shi baranda ya murza makulli ya sa a aljihu. Yaron ya yi ta dukan gilas yana kiran Abba, shi kuwa ya shige ɗaki ya toshe kunne yana ƙoƙarin ceto kwamfuta. Nana ta ce ta fi rabin awa tana kallon ƙanenta ta gilas, dusar ta rufe masa idon sawu, har ya daina kuka ya tsuguna. Sai da ta ɗauko muciya ta ce za ta fasa ƙofar sannan ya buɗe, kuma da muciyar ya rufe ta da duka.

Da ya ga yatsun ƙafar yaron sun yi fari fat sun sandare, sai ya tsoma su a ruwan zafi ya murje da man zafi. Jiya suka kumbura suka yi bororo. Na kira shi ina ihu, ban san na iya zagi haka ba, har kofin da ke hannuna na maka da bango, wata 'yar Sudan da muke haya tare ta shigo a guje tana cewa khalas, khalas, wato ya isa haka. Na ce ya kai shi asibiti tunda an share hanya. Ya ce ba zai kai ba, wai likita na ganin shatin bel zai kira 'yan sanda, a kama shi, a kwashe yaran a ba wasu riƙo, waɗanda ko alwala ba su sani ba. Da na ce ni zan kira su da kaina, ya yi dariya ya ce in kira, saƙon muryata na nan ya adana, za su ji uwar da ta ba da umarni, in ga ko zan ƙara samun biza ko in ƙara ganin 'ya'yana. Jibi za a koma makaranta, ya ce zai ce musu zazzaɓi yaron ke yi har tabon ya baje.

Na san ina da laifi, ba sai kun tuna min ba. Akwai wata tsohuwa Baturiya a ƙofar da ke kallon tasu, tana son yaran. Kalma ɗaya zan ce wa Nana ta je ta ƙwanƙwasa mata, shi ke nan magana ta fita daga hannunmu. Amma ya rantse in Nana ta taka bakin ƙofa sai ya karya ta, kuma na san zai iya. In kuma na yi shiru, ban san me zai rage na ƙafar ba.

Ɗazu Nana ta turo min hoto, yatsu biyu sun fara yin baƙi. Ta kara wa Khalifa wayar a kunne, ya ce min, "Ummi, ki daina kuka, na warke. Yanzu ko an taɓa ba na jin komai." Murna yake yi, shi a ganinsa sauƙi ya samu.

Iyaye mata, da ku da ke zaune a waɗannan ƙasashen kuka san dokarsu, in tura Nana ta ƙwanƙwasa ƙofar nan ko akwai wata hanya da ban gani ba? Idan aka karɓe yaran, ana mayar wa uwa irina? Ku zage ni daga baya, na cancanta, amma yanzu ku gaya min abin da zan yi kafin baƙin nan ya kai yatsa na uku.