Dodon takardar ƙosai

Laraba, 12 ga Agusta, 1998. Tsafe, bayan Isha'i.

Na je Gusau ganin likita, ya ce yanar idona ta ƙaru. A tasha na sayi ƙosai, aka naɗe mini shi a shafin wani littafin zane na Turawa. Da na cinye na warware takardar, sai ga wani ƙato riƙe da takobi a bakin kogo, boka na daga gefe yana turo masa dodo. Babu launi, baƙi ne da fari kawai, shi ya sa na gan shi sarai.

Mai zanen gwani ne. Takobin ma bai zana shi ba, tawada ya malala kewaye ya bar farin takarda, sai ga kaifi yana walƙiya. Dodon kuwa idanu biyu da farce ɗaya ya nuna, sauran ya bar wa duhu. Haka kakata Inna take yi a tatsuniya. Ba ta taɓa faɗa mana kamannin dodo ba, sai ta yi shiru, mu ƙarasa da kanmu muna makyarkyata.

Maiɗakina Hajiya ta same ni ina kallon takardar kusa da fitila.

"Malam, mi ka gani ga wagga takarda duk mai? Ba ni in hura wuta da safe."

Na ce ta bar mini ita har ranar da zan daina ganin farin takobin. Kafin nan na haddace shi, sai ta hura wutarta.