Ƙadandoniya a Tukunyar Nuwaira

Asabar, 5 ga Nuwamba
Alhamdu lillahi, ruwa ya sauka a Diksam, nan kan tudun tsibirin Sokotra. Na shiga garka da safe na duba 'ya'yana, dashen itacen nan namu mai jan ƙaro da ake kira jinin 'yan'uwa, ɗari uku da sha ɗaya. Shekara huɗu ina rainonsu, har yau ba su wuce tsawon yatsa ba. Bakwai sun kwanta. Na tona ɗaya, sai ga ƙadandoniya cunkus a saiwar. Ba irin tamu baƙa ta dutse ba. Ƙanana ne, ja-ja, da ratsin rawaya a gefe, ga wari mai ɗaci.

Litinin, 7 ga Nuwamba
Ashirin da biyu sun kwanta. Takin awakin Jum'an ne, ƙanin marigayi mijina, ba ko shakka. Na faɗa masa a bakin rijiya, gaban kowa. Ya ce, "Matar yaya, awakina kashi suke yi, ba sa haihuwar ƙwari." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba
Dakta Su'ad, masaniyar tsirrai, ta hau daga garin Hadibo, Allah ya saka mata, hanyar nan duk laka. Ta sa guda a tafin hannu, ta duba da gilashi, ta juya ta, ta shinshina. "Inna, wannan ba 'yar Sokotra ba ce. Baƙuwa ce, cikin ƙasar tukunya take shigowa ta jirgin ruwa. Wa ya kawo shuka daga waje bayan iska ta lafa an buɗe teku?"
Na ce ban sani ba. Na zuba mata shayi.

Juma'a, 11 ga Nuwamba
Na sani.

Lahadi, 13 ga Nuwamba
Lemon tsamin da 'yata Nuwaira ta aiko daga Mukalla, a jirgin farko bayan iska ta faɗi. Wata huɗu ba jirgi, sai ga tukunya da sunana a jiki. Wa ke mayar da kyautar 'yarsa? Cikin garka na ajiye shi don kada akuya ta taɓa. Yau na kifar da tukunyar. Wayyo Allah! Ƙasar kanta motsi take. Na zauna na yi kuka, na kunya ne ko na lemon, oho.

Litinin, 14 ga Nuwamba
Na kira Dakta na faɗa mata. Ba ta ce mini ko uffan ba kan ƙaryar da na yi. Ta ce gara da na gani yanzu kafin su sauka kwari wajen dabino. A ƙone ƙasar, a wanke saiwar lemon tas, sauran kuma tsinta ce da hannu, tukunya bayan tukunya. Lemon zai iya rayuwa! Na yi ta sa mata albarka har ta ce, "Inna, ya isa, kuɗin wayarki."

Laraba, 16 ga Nuwamba
Ban aika a kira shi ba, amma Jum'an ya zo da bokiti da matarsa Tumna. Tun hantsi muna durƙushe har la'asar. Duk wadda ya tsinto sai ya ɗaga mini: "Ga wata jikar akuyata." Tumna ta ce ya rufe baki. Na ce ƙyale shi, yau ranarsa ce. Na dafa musu shinkafa da kifi, ya ci kwano biyu.

Juma'a, 2 ga Disamba
Kwana tara ba mu ga ko ɗaya ba. Ɗari biyu da sittin da takwas suna tsaye. Lemon ya zubar da ganye duka, amma ya fito da toho biyu. Na gode wa Allah.
Ban ce wa Jum'an ya yi haƙuri ba, bakina bai saba ba. Na dai miƙa masa mabuɗin garka ɗaya a bakin rijiya, mutane na kallo. Ko marigayi ban taɓa ba shi ba. Ya tsaya yana juya shi, ba zolaya, ba komai.
Na ce gwiwata ce ke ciwo, shi ya sa nake neman mai taya ni.