Rigar da Na Ƙarasa Maka da Keke

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin sana'ata, Malam Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ɗan'uwansa a ido ba, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Jidda. Mu nan Zaitawa muna lafiya, sai godiyar Allah. Ba ni da lambarka, ban kuma san unguwar da kake ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Wataƙila cikin masu karantawa a dace da wanda zai kai maka.

Ni ne Lawan. Na san ba ka manta ni ba, amma tunda ba kai kaɗai za ka karanta ba, bari in faɗa: ni ne wanda kuka koyi aikin babbar riga na hannu tare a zauren marigayi Baba Tanko, wanda ya bar mana zauren da zai rasu, ya ce mu riƙe shi mu biyu.

Kana tuna yadda Baba Tanko ke duba aiki? Ba ya kallon gaban riga. Sai ya juya ta, ya bi bayan ɗinkin da ɗan yatsa, ya ce, "Gaban na mai riga ne. Ku nuna min bayan, shi ne naku." Sau nawa ya sa ni na warware aikin kwana uku saboda ƙulli ɗaya. Kai kuwa tun muna samari ya daina juya taka.

Ban taɓa ganin mutumin da aikinsa ke yi wa daɗi kamar kai ba. Ran da ka gama riga, sai ka shimfiɗa ta a tabarma, ka miƙe tsaye, ka ja da baya har bakin ƙofa kana kallonta. Ba ka kiran kowa ya zo ya gani. Sai dai in ga ka fita ka sayo mana gyaɗa, ka dawo kana murmushi kai kaɗai. Ranar ko zaginka aka yi a hanya ba za ka ji ba.

Ina tuna rakiyar da nake yi maka Ƙofar Mata idan za ka kai zare rini. Ka tsaya a bakin karofi kana ja-in-ja da marini a kan shuɗin da ni ban ga bambancinsa da na jiya ba. Har wani dattijo a cikinsu ya taɓa ce maka, "Malam Hamisu, kai ko sararin sama aka ba ka sai ka ce a ƙara tsoma shi." Muka yi ta dariya har gida.

A shekarun soja aiki ya yi ƙaranci, ka sani. Sai salla, sai biki, sai wani dattijo da zai aurar da 'ya. Ni na fara damuwa, ga matata Rabi da yara biyu, ga tuwon dare da ba kullum ake samun miya mai kyau ba. Kai ma ba a wadace kake ba, amma ban taɓa jin ka ce da ma wata sana'ar ka koya ba. Ni na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Sai aka ce sojoji za su koma bariki, mulki zai dawo hannun farar hula. Kafin a ce me, gari ya cika da hotunan 'yan takara, kowanne cikin babbar riga. Wanda bai taɓa sa ta ba ma ya zo yana neman uku. Motoci suka fara tsayawa a bakin lungunmu, inda da sai keke da amalanke. Na duba na ga allurarmu biyu ba za su iya da wannan aiki ba, sai na sayo keken aiki na kafa shi a kusurwar zaure.

Ba ka hana ni ba. Abin da ka ce kawai shi ne, "Yi naka, in yi nawa, Allah ya sa albarka." Ka ɗan matsar da tabarmarka saboda ƙara, ka ci gaba da abin da kake yi. Rigar da za ta ci maka wata biyu, ni sai in fitar da mai kama da ita cikin kwana biyu. Daga nesa ba mai bambancewa. Mu biyu dai mun san bambancin.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai Alhajin nan da ya tsaya takarar majalisa, wanda ya ce shi aikin hannu yake so, aska takwas a farar shadda da zaren tsamiya, don ya sa ranar rantsuwa idan Allah ya ba shi. Tun ana yawon kamfe ka fara ta. Allah ya ba shi, ya ci zaɓe. Ka gama wuya, ka gama aljihu, ka gama gaba duka, saura zagayen baya kawai. Ban taɓa ganin hannunka ya yi kyau kamar a rigar nan ba. Har mabuga, masu bugun riga, da suka shigo karɓar wasu kaya sai da suka tsaya suna kallo.

Ana saura kwana tara rantsuwa aka aiko maka mahaifinka ya rasu a ƙauyenku, can gaba da Dawanau. Ka naɗe rigar a zane, ka ɗora a kan akwati. Da za ka fita, ido jawur, ka ce, "Lawan, kada kowa ya taɓa ta. Ka gaya wa Alhaji gaskiya. In zai jira, ya jira. In ba zai jira ba, ya sa wata."

Na ce maka to. Ko jana'izar ban bi ka ba, na ce aiki ya yi min yawa, zan zo ranar uku. Ban zo ba.

Kwana biyu da tafiyarka Alhaji ya zo da kansa. Na gaya masa abin da ka ce. Ya buɗe rigar, ya duba, ya ce, "Malam Lawan, wa zai tsaya kallon bayan riga ranar rantsuwa? Ga keke nan, ka ƙarasa min kawai. Abokaina duk ɗinki suke nema, ni zan turo maka su." Bai tilasta ni ba, Hamisu. Ba na so in ɗora masa. Yana fita na zauna na yi tunanin abokan nan nasa, ban yi tunaninka ba.

Zaren tsamiya ba ya shiga keke, don haka na je kasuwa na nemo mai kama da launinsa. Bayan azahar na fara, kafin la'asar ta washegari na gama abin da zai ci maka mako guda. Na kai wa mabuga suka buge ta har tana sheƙi.

Ranar da aka dawo da ita daga bugu, ranar ka dawo daga zaman makoki. Ka shigo da sallama, ka ga akwati ba komai a kai, ka gan ta a ninke a gefena. Ka ɗauka, ka warware, ka juya ta. Ka bi bayan da ɗan yatsa tun daga wuya, har ka zo daidai inda hannunka ya tsaya kekena ya fara. Nan yatsanka ya tsaya shi ma.

Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Da ka bari ya ɗauke ta ba a gama ba, da na fi jin daɗi."

Ni kuma, da kunya ta rufe ni na rasa mafita, sai na ce maka, "Jin daɗi ba ya ciyar da gida, Hamisu." Na faɗa wa mutumin da ya binne mahaifinsa mako guda da ya wuce. Ka dube ni, ka ninke rigar yadda take, ka ajiye, ka zauna a tabarmarka.

Ka ci gaba da zuwa kamar wata biyu. Muna gaisawa, muna salla tare, amma gyaɗar nan ba ta sake shigowa zauren ba. Ka gama duk aikin mutane da ke hannunka, ba ka karɓi sabo ba. Wata safiya na zo na tarar ba tabarmarka. A bakin maƙwabta na ji ka bi masu zuwa Umra, daga baya kuma na ji ka aiko an kai maka iyalinka.

Alhaji ya cika alkawari. Abokansa suka zo, abokan abokansa suka zo. Na bar zauren na kama shago a bakin titi, keke ɗaya ya zama shida, daga baya na kawo irin wanda kwamfuta ke sarrafawa, ka danna ya yi ta zane shi kaɗai. Na gyara gidanmu, yarana duk sun yi karatu, babbar ma malamar asibiti ce yanzu. Ba zan yi wa Allah butulci ba. Sana'ar nan ta rufa min asiri.

Amma bari in gaya maka abin da ban gaya wa ko Rabi ba. Da, in muka je masallacin Juma'a, daga sahu uku a baya nake gane rigar da ta fito daga hannuna, in yi ta kallonta har a tada salla, zuciyata fal. Yanzu mutum zai zauna kusa da ni sanye da rigar shagona, sai ya gaya min kafin in sani. Ina buɗe shago da safe, in zauna a kujera, in amsa waya, in yi faɗa a kan wuta da man janareta, in duba agogo. Rabon da in zura zare a allura har na manta. Ba na ƙin aikin. Ba na kuma son sa. Zuwa kawai nake yi.

Duk shekarun nan, abu ɗaya nake lallashin kaina da shi. Nakan ce Hamisu yana can ya samu masu sanin darajar hannu, yana zaune wani wuri mai iska yana aikinsa a natse. Har yarana na sha ba su labarinka a haka. Da na je aikin Hajji muka sauka a Jidda, na yi niyyar tambayar mutanenmu na can inda kake, sai na kasa. Na ce me zan je in ɓata maka.

Watan jiya Hajiya Ladi, ta gidan kusa da masallacinmu, wadda ke zuwa Jidda saro abaya, ta tare ni a hanya ta ce ta gan ka. Ta ce wani bene aka hau da ita inda ake ɗinka kayan da take saya, ɗaki ba taga, kekuna a jere, sai ga ka a kan ɗaya kana kalmasa bakin abaya, da tabarau mai kauri, gemu ya yi fari fat. Ta ce ta tambaye ka aikin hannu fa, ka yi dariya ka ce, "Hajiya, nan ba mai jira." Ta ce tun zuwanka abin da kake yi ke nan.

Hamisu, a tsaye nake amma sai da na nemi dakali na zauna. Ashe kai ma keken ne. Ashe abin da ka bar gari saboda shi, shi ka je ka tarar, kuma ni na tura ka.

Ta ce ka tambaye ta ni. Ta ba ka labarin shago da kekuna da gida. Ka saurara, sannan ka ce, "Yana dai jin daɗin aikin?" Ita kuma, da yake abin da take gani ke nan daga waje, ta ce maka sosai ma. Ta ce ka gyaɗa kai ka ce, "To madalla. Ko ɗayanmu ya samu."

Ba ƙarya ta yi maka da gangan ba, amma ba zan iya bari ka zauna da wannan amsa ba. Ban samu ba, ɗan'uwana. Na sami komai ban da shi. Rabona da in tashi daga aiki ina jin na yi wani abu, tun muna zaune gwiwa da gwiwa, kai kana naka ina nawa, ba mai cewa uffan har a kira salla. Ban san wannan ne daɗin ba sai da ya wuce.

Na ci amanarka a kan riga, na kuma bi ka da magana a lokacin da ya kamata in riƙe hannunka. Na daɗe ina cewa yanayi ne, kowa haka ya yi a lokacin. Ba yanayi ba ne, ni ne. Ka yafe min.

Ba zan ce lallai ka dawo ba, don ban san yadda rayuwarka take a can ba, kuma na san 'ya'yanka sun tashi ba su san Kano ba. Amma in ranka ya taɓa raya maka gida, ka sani akwai ɗaki a gidana, kuma Rabi har yau in an ambace ka sai ta ce Allah ya jiƙan zamanin Malam Hamisu. Ba aiki nake kiranka ka yi min ba. So nake kawai in zauna kusa da kai. In kuma zuwan bai yiwu ba, ka ba Hajiya Ladi saƙo idan ta dawo saro, ko kalma ɗaya ce, zan karɓa ko wace iri ce.

Allah ya jiƙan iyayenmu da malaminmu, ya haskaka kabarinsu. Allah ya ƙara maka lafiyar ido da ƙarfin baya, ya sanyaya maka wannan ɗaki da kake wuni a ciki, ya sa guminka ya zame maka hujja ranar gobe. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su sana'ar da za su ci su kuma so. Ya sa mu gana tun muna iya gane juna.

Wassalam.

Naka har kullum,
Lawan,
Zaitawa, cikin birnin Kano.