Muryar Uwar Asusu

Laraba, 5 ga Maris
Yau ma Uwar Asusu ta riga kowa zuwa. Ni da nake haɗa sautin shirinta, sai tarar da ita na yi a gaban makirfo tana goge tabarau, fulas ɗin ruwan ɗuminta a gefe. Masu sauraro ne suka laƙaba mata sunan, ni dai Hajiya nake ce mata. Wani direba ya bugo, wai an ba shi rabonsa na gado ya rasa inda zai sa. Ba ta ce masa sayi kaza ba. Tambaya ta yi ta jera masa: yara na makaranta? Rufin ɗaki na yoyo? Matarka ta sani? Har mutumin ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kin fi surukata bincike." Kafin ya ajiye waya, shi da bakinsa ya faɗi abin da ya kamata ya yi. Ranar Laraba kaɗai nake jin aikin nan yana da amfani.

Juma'a, 7 ga Maris
Albashi shiru. Gidan rediyon nan numfashi yake sama-sama.

Litinin, 10 ga Maris
Manaja ya shigo baki har kunne. An sami kamfanin da zai ɗauki nauyin shirin, irin masu cewa ka kawo kuɗi su ninka maka kafin wata ya mutu. Sharaɗinsu ɗaya: Hajiya ce za ta karanta tallar da bakinta. Ta ce sai ta je ta gani. Haka take. Tun tana aikin banki, kafin ta ajiye ta koma rubuta littattafai, ba ta yabon wurin da ba ta taka da ƙafarta ba.

Talata, 11 ga Maris
Ta je, da tsohon mayafi, ta bi layi kamar kowa. Ta ce ofis ne mai sanyi da kujeru masu laushi, amma duk wanda ta tambaya me suke sayarwa har riba ke fitowa, sai ya miƙo mata lemo. A gabana ta ce wa Manaja, "Inda ba zan sa kuɗin mahaifiyata ba, ba zan sa muryata ba." Ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta burge ni, kuma ta ba ni haushi. Ita littattafanta na ciyar da ita. Ni fa?

Alhamis, 13 ga Maris
Manaja ya kira ni ofis, ya tura ƙofa. "Duk tsofaffin shirye-shiryenta suna hannunka. Tsinto kalma nan, kalma can, ka ɗinke. Wa zai gane?" Ya ce in tallar ba ta fita ranar Laraba ba, shirin ya mutu, ni ma in nemi wani wurin. Na ce zan duba. Wannan "zan duba" tawa ita za ta kashe ni wata rana.

Asabar, 15 ga Maris
Na yi, a gida. "Na amince" daga shirinta kan kuɗin makaranta. "Ku kai kuɗinku" daga ranar da take roƙon mutane su daina ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa. Har da ɗan numfashin da take ja kafin ta faɗi magana mai nauyi, na sa. Ba a jin ɗinki ko ɗaya. Ban taɓa yin aikin da ya yi kyau haka ba, abin takaici.

Lahadi, 16 ga Maris
Na cire abin kunne na sa a lasifika, don in ji yadda za ta fita a rediyo. Ashe Inna na bakin ƙofa tana ninke wanki. Ta tsaya har ta ƙare.

"Uwar Asusu ce? To madalla. Dama ina ta tunanin ɗan abin da babanka ya bar mini. Gobe ka raka ni."

Na ce, Inna gwaji ne kawai. Ta ce, "Wannan matar ba ta gwaji da mutane."

Littafin Hajiya na farko yana ƙarƙashin matashin Inna, ita da ba ta yi boko ba. Ni nake karanta mata. Tsoro nake ji sosai.

Litinin, 17 ga Maris
Na goge tallar. Na faɗa wa Manaja. Ya ce in ajiye makulli bayan shirin Laraba.

Laraba, 19 ga Maris
Shirin ƙarshe. Ba ta kama sunan kowa ba. Ta ce wa mutane duk wanda ya yi musu alƙawarin ninki, su tambaye shi me yake sayarwa, kada su tashi sai ya amsa. Ta yi sallama kamar kullum. Da ta ga ina naɗe wayoyina ta ce, "Kai kuma ina za ka?" Na ce hutu. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ce, "Ka gaida Inna." Ban gaya mata komai ba. Ina jin ba sai na gaya mata ba.

Asabar, 22 ga Maris
Inna ta sake tayar da maganar kamfanin, mayafinta a hannu. Na jawo kujera na zauna. Na tambaye ta maganin hawan jininta na wata mai zuwa, da rufin kicin, da ko ta san abin da mutanen nan ke sayarwa. Sai ta ce, "Yaushe ka zama Uwar Asusu?" Ta mayar da mayafinta kan ƙusa.

Ba wani abu na zama ba. Ba ni da aiki ne, lokaci ya yi mini yawa.