Na Warware Faifan Dada

Hajiya, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni ba ɗan boko ba ne, aji uku na tsaya, amma duk takardar da na tsinta sai na karanta, ko ta ƙunshin ƙosai ce. A nan na gano kayan gadonmu suna ɓacewa, abin yana ci mini rai. Kakata Dada tana saƙa faifai tun ba a haifi babana ba, duk Fagam an san hannunta. Bana sai na ga ta ajiye kaba ta koma zaren buhun taki. Roba fa! Na yi magana, ta yi banza da ni. Ni kuma bakina ba linzami. Na fizge wanda take saƙawa, na warware shi a gabanta, na ce wannan bola ce.

Washegari ta aiko ƙanwata Hafsat ta gaya mini wai zanen tsohon faifan da nake ɗauka hoto ina cika baki da shi, wurin wata Bawarjiya ta koya a kasuwar Gwaram. Jan rinin kuma na gwangwani ne daga Kano. Har da cewa hular kaina ma ta Barebari ce.

To, wanne ne namu? Idan na Warjawa ya zama namu, me zai hana roba? Amma idan komai namu ne, me ake karewa? Sati uku ke nan ba ta taɓa basilla ba, ni kuma na kasa shiga ɗakinta.

Mai Kaifin Baki, Fagam

Ɗana, kishinka ba laifi ba ne. Saƙar kaba tana raguwa, kuma da wuya a sami saurayin da abin ya dama. Amma ka tambaye ta dalilinta? Wataƙila yatsunta sun gaji da kaba, wataƙila masu tallar nono sun fi son wanda za su iya wankewa. Ita ta sani, ba takardunka ba.

Abin da Dada ta ara ta sarrafa shekara da shekaru har aka san shi da hannunta, ya zama naku. Abin karewa shi ne hannun, kuma kai ka tsayar da shi.

Ka nemo buhu biyu, ka wanke, ka zare zaren da kanka, ka kai mata. Ka durƙusa ka ba ta haƙuri, kada ka ƙara da "amma". In ta huce, ka roƙe ta ta koya maka na kaba, ka rubuta sunan duk wanda ta koya a wurinsa, har Bawarjiyar nan.

Ka je yau, tsofaffi ba sa jira. Allah ya huci zuciyarta, ya ba ka haƙurin rufe baki har ka gama faifai ɗaya.