Majinyatan da Kafaɗarsu Ba Ta Ciwo

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya tsare ku daga wannan annoba, Ya kawo mana ƙarshenta, Ya buɗe hanyoyi mu ga juna. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfin bakinta, asmarta ce dai ke taɓa ta jefi-jefi, kuma har yau ba ta shaƙar maganin da kika aiko sai na tsaya a kanta. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi, har ya ajiye sanda. Za ki yi mamakin ganin hoton rubutun hannuna a wayarki maimakon in kira ki. Kin san bangon gidan nan, kin kuma san kunnen Inna, maganar da zan yi kuwa ba ta kunnenta ba ce tukuna.

Tun kafin annoba aka mayar da ni ɗakin tiyata, ɓangaren da ba a tsaga ciki. Ƙananan huji ake yi, a zura bututu, a hura wa mutum iskar gas cikinsa ya kumbura don likita ya samu wurin gani da kyamara. Da can in an gama sai a buɗe ɗan famfon da ke jikin bututun, a danna cikin da tafin hannu, iskar ta fito fuuu a cikin ɗaki, kowa ya kama gabansa. Da cutar nan ta zo sai babban likitanmu ya tara mu, ya ce babu wanda ya tabbatar ƙwayar cutar tana bin wannan iska, amma babu wanda zai rantse ba ta bi. Saboda haka iska ba ta sake fita sai ta filta, wato abin tacewa, injin zuƙa yana janta a hankali. Ni aka ɗora wa kula da injin. Aibin wannan hanya ɗaya ne, ba ta kwashe iskar kakaf, ragowar kuma tana sa majinyaci ciwon kafaɗa in ya farfaɗo, wani har da kuka.

Ana nan sai likitan da ke sa barci a ɗakinmu ya kamu, ya sha jiki ƙwarai kafin Allah Ya tashe shi. Kowa ya ce ai a kasuwa ma ana ɗauka. Ni dai raina bai kwanta ba, kin san halina, ba a banza kika sa mini 'Yar Sanda ba. Dalilina shi ne, in na cire takunkumi a bakin ƙofa bayan aiki, nakan jiyo ƙaurin hayaƙin da ke tashi in likita ya ƙona tsoka a tiyata, alhali hayaƙin a cikin ciki yake, bai kamata ya samu hanyar fita ba. Na fara zargin mai kula da sito, na ce jabun filta yake ba mu. Har na sa almakashi na farke guda a gabansa, yana ta rantse-rantse yana cewa in ji tsoron Allah. Na tarar da ita lafiya lau, na ba shi haƙuri a daƙile. Sai na koma kan babban likita, na ce tsohon sabo ne ke sa babban yatsansa ya murɗa famfon bai sani ba. Na zuba wa hannunsa ido har ya tsargu, ya tambaye ni ko safar hannunsa ce ta yage. Ban kama shi da komai ba.

Abin da ya tona asirin kuwa yabo ne. Shugabar masu jinya ta ɗakin da ake kwantar da majinyata ta tare ni a baranda, tana ta sa mana albarka. Ta ce tun da aka kawo filta duk wanda ya fito daga ɗaya ɗakin tiyatar sai ya wuni yana riƙe da kafaɗa, amma namu ko ɗaya ba ya ƙorafi, wai in koya wa sauran sirrinmu. Na yi mata dariyar yaƙe. Inji iri ɗaya, filta iri ɗaya, to ina iskar namu take zuwa?

Washegari aka kawo wani magidanci da ciwon ciki na gaggawa, ba a iya jiran sakamakon gwajinsa ba aka shiga da shi. Da aka gama, likita ya juya zai canza safar hannu kafin ɗinki, ni kuma na ba da baya kamar zan kashe inji. Gilashin kare fuskata ya yi gumi, sai na ɗaga shi sama, na kafa ido a allon kyamarar da aka riga aka kashe, yana nuna mini bayana kamar madubi. Yaya, Doguwa na gani. Doguwarmu dai, wadda muka yi makarantar jinya tare, wadda Inna ke ajiye wa abinci in ta ji za ta zo. Ita ce mai miƙa wa likita kayan aiki. Ta ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a bakin bututu, ta murɗa famfo, ta danna cikin mutumin da hannu ɗaya, ƙarar inji ta rufe komai. Ban san lokacin da na yi tsalle na kai hannu zan rufe ba, fuskata daidai bakin famfon, gilashi a goshi, sai takunkumi kaɗai, shi ma ya ɗan zame da na yi tsallen.

Da muka fito na ja Doguwa gefe a fusace, na faɗa mata abin da na gani. Ba ta musa ba. Ta ce ita an taɓa yi mata irin wannan tiyata, ta san ciwon kafaɗar nan, ba za ta iya barin bawan Allah ya farka da shi ba alhali dannawa ɗaya ce maganinsa. Ta ce haka aka koya mana tun muna ɗalibai, kuma a ganinta audugar tana tare komai. Na tambaye ta ko ta tuna akwai tsohuwa mai asma a gidan da nake kwana, sai ta fashe da kuka. Ban ɓoye ba, na kai ta gaban babban likita da kaina, ta faɗa da bakinta. Yanzu an naɗe famfunan da filasta, ana danna cikin ne filta tana haɗe, ko da za a daɗe. Wallahi na ji tausayinta, amma har yanzu ban iya ɗaga wayarta ba.

Sakamakon mutumin ya fito, yana ɗauke da cutar. An sallame mu duka mu killace kanmu kafin a gwada mu. Ina ɗakin baya na kulle, na ce wa Inna karatun jarrabawa nake yi. Ba ta yarda ba, ashe a wurinta na gado zargi. Takan ajiye mini abinci a bakin ƙofa ta ƙi tafiya, tana cewa wace irin jarrabawa ce ke hana ɗiya cin abinci da uwarta. Ɗazu ma na ji tana gwada makullan kicin a ƙofata.

Ga roƙona, Yaya. Ki kira Inna yau ɗin nan, ki sa ta koma gidan Kawu na ɗan lokaci, na riga na yi magana da shi, ya gyara mata ɗaki ita kaɗai. Ni in na faɗa ba za ta ji ba, ke ce 'yar fari, maganarki ba ta faɗuwa ƙasa a wurinta. Ki ce mata ƙafar Kawu ce ta tashi, ko duk abin da kika ga dama, amma kada ki ce ina cikin haɗari, don in ta ji haka ko da igiya ba za a fitar da ita ba. Ina jin tsoro ƙwarai. Tun da na fara rubutun nan take tari a falo, ni da na saba da tarin nan tun ina goye, yau na kasa rantsewa na asma ne.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babba, da 'yan biyu, da takwarar Inna mai rigima. Kawu da matarsa suna gaishe ki. Ki kira ta da zarar kin karanta, ina nan bayan ƙofa ina sauraron wayarta ta yi ƙara.

Ƙanwarki mai jiran taimakonki,
'Yar Sanda